Tsakanin Mutum da Al'ummarsa, Wa Ke Bin Wani Bashi?

Masu kallo, ku dubi jaririya 'yar wata shida. Shekarunta ba su kai a yi mata allurar rigakafin ƙyanda ba, kuma ƙyanda cuta ce mai saurin yaɗuwa: mutum ɗaya da ya kamu yana iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 inda babu kariya. To me ke tsare yarinyar? Mutanen da ke kewaye da ita. Idan kusan kashi 95 cikin ɗari suka yi allurar, sai cutar ta rasa ta inda za ta ratsa ta iso gare ta. Mutanen da ba su san sunanta ba su ne garkuwarta.

Haka jini yake. Har yau ba a ƙera shi a masana'anta. Wanda ya yi hatsari a hanya, jinin wani baƙo ne ake ƙara masa ya rayu.

Duniya ta rubuta wannan bashi da ke tsakanin mutum da al'umma a hukumance. Ranar 10 ga Disamba, 1948, a birnin Faris, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin haƙƙin ɗan Adam mai sassa 30. Galibinsu na bayanin abin da mutum ke bin al'umma: ilimi, kula da lafiya, shari'a ta adalci, kariya daga azabtarwa. Sai sashe na 29 ya juyo ya ce shi ma mutum akwai nauyin al'umma a wuyansa. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ta fi fito da abin fili, har ta ambaci girmama iyaye da biyan haraji.

Amma fa nauyin nan ba ɗaya ba ne, kuma a nan nake so mu tsaya. Al'umma, ta hannun gwamnati, ita ke riƙe da baitulmali da kotuna da 'yan sanda. Mutum kuwa shi kaɗai ne. Ga ma'aikaci da ake cire haraji daga albashinsa tun kuɗin bai shigo hannunsa ba. Tsakar dare naƙuda ta kama matarsa, ya garzaya da ita asibitin gwamnati, ya tarar babu likita, babu wuta, ma'aikaciyar jinya tana haska fitilar waya. Gobe in aka ce masa ya bi doka, ya kula da kayan jama'a, da wane baki za a faɗa masa? Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da aka yi ta saɓa wa alkawari suna janye jiki, kowa ya koma neman mafitar kansa, hukuma kuma ta samu hujjar cewa jama'a ba sa ba da haɗin kai.

Ni dai ina ganin mai ƙarfi ne ya kamata ya fara cika alkawari. Sai dai hakan bai sauke wa mutum nasa ba. Cikin abin da al'umma ke binsa har da tambaya: ya nemi sanin inda kuɗin harajinsa suka tafi, ya duba kasafin da aka ware wa asibitin nan, ya ba da shaida a kotu in ya ga an zalunci wani, ranar zaɓe kuma ya fita ya kaɗa ƙuri'a, ya tsaya har a ƙirga.