Tuwitar sifikata ta mutu, ga yadda na zaɓi wata

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, yau ina gida ne a Hambug, kuma kamar yadda kuke gani na baje kaya a kan tebur. Waɗannan sifikun guda biyu na sayo su ne ranar Asabar ɗin da ta wuce a kasuwar gwanjo, irin wadda Jamusawa ke kira Flohmarkt, tsofaffi ne amma ku dubi katakon, nauyi ne da shi wallahi sai da na huta sau biyu kafin na kai tashar jirgin ƙasa. Da na zo gida na jona su da ampilifaya na sa waƙa mai kalangu da goge, ta dama tana fitar da komai tas, ta hagu kuwa kamar an lulluɓe ta da bargo, kiɗan ƙasa na nan amma ƙarar nan mai kaifi ta ɓace. Na kara kunne a wannan ɗan ƙaramin zagayen na sama, shiru kake ji. To shi ne tuwita, shi ke ɗaukar siririn sauti, daga wajen haz 2,000 ko 3,000 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti) har zuwa 20,000 inda kunnen ɗan Adam ke tsayawa.

Kafin ka sayi komai sai ka tabbatar ita ce ta mutu, don wani lokaci waya ce kawai ta sake a ciki. Na kwance sukurori huɗun nan, na ɗauki hoton wayoyin da wayata kafin na cire su, wannan hoton ku riƙe shi a rai zan dawo kansa, sannan na ɗora mita, wadda ke auna yadda waya ke tare wutar lantarki da ma'aunin da ake kira om. Bari in matso da kyamara. Kun ga mai lafiyar ta nuna om 6.1, wannan kuma ba ta nuna komai ba, wato siririyar wayar da aka naɗe a ciki ta ƙone ta tsinke. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne a ƙure ƙaramar ampilifaya har sauti ya fara fashewa, zafin nan tuwita yake fara ci. Da a ƙasarmu ne da na kai wa masu gyaran rediyo su sake naɗa ta, a nan kuɗin aikin hannu kaɗai ya fi kuɗin sabuwa.

Yanzu wannan 6.1 ɗin kar ya ruɗe ku, mita kullum tana nuna ƙasa da abin da aka rubuta, mai om 8 takan nuna wajen 6, mai om 4 takan nuna 3 da wani abu. Kenan tawa mai 8 ce. Kuma wannan batun om ɗin shi ne abin da na fi so ku kama a bidiyon nan, saboda mutane da yawa wat kawai suke dubawa, su ga an rubuta wat 100 su ce shi kenan mai ƙarfi ce. Ku dubi nan ciki, wannan ɗan allon shi ne kurosoba, shi ke raba sauti ya tura na ƙasa wajen babbar sifika, na sama wajen tuwita. A tawa kafasita ɗaya ce, wato 'yar na'urar da ke tare sautin ƙasa ta bar na sama ya wuce, ke gaban tuwitar, an rubuta 6.8 a jikinta, idan ka haɗa ta da om 8 lissafin yana faɗawa wajen haz 2,900, daga nan tuwita ke karɓar aiki. In ka sa mai om 4 a wurin ba tare da ka taɓa kafasitar ba sai wurin ya ninka ya koma kusan 5,800, to tsakanin nan fa wa zai yi? Rami ne zai buɗe a tsakiya, daidai inda kaifin muryar mutum yake, ka ji mawaƙi kamar yana bayan ƙofa.

Na biyu shi ne yawan ƙarar da take bayarwa, wanda ake rubutawa da dB. Na ga wata mai kyau da aka yi da ƙarfe, 92, amma babbar sifikar irin waɗannan bai fi ta ba ka 87 ko 88 ba, kuma bambancin dB 3 kamar ka ninka wutar da kake ba ta ne, minti goma za ka yi kunne ya fara zafi. Ana iya rage ta da rezista biyu, wato 'yan na'urorin da ke rage wutar da ke isa gare ta, amma ni na fi son wadda ta zo daidai tun farko, sai na tsaya a mai 89. Sai kuma wata lamba da ake rubuta Fs a takardar, wato inda tuwitar ke girgiza da kanta, ana so wurin raba sautin ya kai aƙalla ninkinta biyu, kuma da yake kafasita ɗaya ba ta yanke sautin ƙasa da ƙarfi, gara ya fi haka ma. Wadda na ɗauka tana ƙasa da 1,000, hankalina ya kwanta. Duk wadda mai sayarwa bai kawo waɗannan lambobin ba na wuce ta, masu yin su na gaske irin su SEAS a Norwe, Scan-Speak a Denmak da Visaton a nan Jamus duk suna fitar da takardar kowace ɗaya.

Girman fuska kuma da rula na auna, milimita 104, ta zauna a ramin ba sai na yanka katako ba, sai dai ramukan sukurori sun ɗan goce na huda sababbi. Kan nata na yadi ne kamar tsohuwar, inci ɗaya, na zaɓe shi ne don sautin ya yi kama da wanda aka gina akwatin a kansa.

Wani zai ce don me na sayi biyu alhali ɗaya ta mutu. Tuwitoci da yawa akwai wani baƙin mai a cikinsu mai bin maganaɗisu da ke sanyaya wayar, da shekaru yakan yi kauri ko ya bushe, don haka mai lafiyar ma ba yadda ta fito daga kamfani take ba, in ka haɗa tsohuwa da sabuwa muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya sai ta karkata gefe guda. Biyu ake canzawa tare.

Ga hoton nan da na ce muku, jar waya a kan alamar tarawa, amma ku duba naku da kyau don wasu kamfanoni da gangan suke juya wayoyin tuwita, yadda ka tarar haka za ka mayar. Na liƙe da dalma, na sa siririn soso a bayan fuskar don kar iska ta fita, na ɗaure sukurori a hankali. Yau Lahadi, ranar hutu ce a nan ba a damun maƙwabta da ƙara, don haka a ƙasa-ƙasa zan kunna, ku sa abin kunne in kuna da shi, ga gogen nan yana shigowa daga ta hagu.