Yoyon Fitsarin Da Ba Daga Mafitsara Ba

Malam Sani: Masu sauraro, assalamu alaikum. Tun da muka tattauna kan yoyon fitsari, saƙon da ya fi yawo a tsakaninku shi ne na matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, bayan kwanaki ta fara jiƙewa dare da rana, alhali tana jin fitsari kuma tana zagayawa kamar kowa. Dakta, yaya hakan ke faruwa?

Dakta Bilkisu: Wannan zagayawar da take yi ita ce babbar alama, Malam. Idan mafitsara ce ta huje sosai, kamar yadda aka saba gani a asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga da ke Katsina bayan doguwar naƙuda, fitsari ba ya taruwa ballantana mace ta ji shi. Amma kowace ƙoda tana da siririn bututu mai tsawon kimanin santimita 25 zuwa 30 da ke sauke fitsari cikin mafitsara, kuma yana ratsawa ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, daf da bakin mahaifa. A lokacin da jini ya ɓalle ana ƙoƙarin ceton rai, ana iya yanke shi ko a ɗaure shi da zare ba a sani ba. Daga nan ƙoda ɗaya tana cika mafitsara, ɗayar kuma tana zubarwa ta gaba.

Hajiya Rabi: A ɗakin haihuwa mukan zura robar fitsari, mu ɗura ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara, bayan mun jera auduga uku a gaban mace.

Dakta Bilkisu: Haka ne, Hajiya. Idan audugar ta yi shuɗi, ɓular tana mafitsara. Idan kuwa ta can ciki ta jiƙe sharkaf amma ta fito fara, to daga sama fitsarin yake zuwa, sai a ɗauki hoton ƙoda a duba ko ta kumbura, sannan a yi hoton da ake zuba ruwan magani ta jijiya domin a ga daidai inda bututun ya lalace. Jinkiri a nan yana iya kashe ƙodar gaba ɗaya.

Hajiya Rabi: Ni ’yan matan da ake yi wa amalala ne suke tsaya mini a rai.

Dakta Bilkisu: Akwai yarinyar da aka haifa da bututu biyu a ƙoda ɗaya, guda ya kauce wa mafitsara ya buɗe ƙasa da tsokar da ke riƙe fitsari. Za ki ga tana fitsarinta daidai, amma wandonta bai taɓa bushewa ba ko da tsakar rana, cinyoyinta duk sun saɓule. Mai fitsarin kwance, ita a bushe take da rana. Wannan kuwa ana dukanta, ana hana ta ruwa da yamma, har ta bar makaranta saboda zarni, alhali tiyata ce maganinta. Namiji ba ya ɗiga haka, domin nasa bututun sama da tsokar yake buɗewa.

Malam Sani: Dakta, mun yi alkawarin taɓo ’yan acaɓar da ƙugunsu ke karyewa, ga shi lokaci ya ci mu.

Dakta Bilkisu: A taƙaice, idan an ga jini a bakin mazakuta bayan karayar ƙugu, kada a zura roba sai an ɗauki hoton hanyar fitsarin. Sauran bayani sai mako mai zuwa.