Kula da Injin Sake Cika Harsashi: Tsafta Kafin Sayen Sabbin Sassa

Dillon XL750 injin sake cika harsashi ne, wanda kamfanin Dillon Precision na Scottsdale a jihar Arizona ya fitar a 2019 don ya gaji XL650. A Amurka, masu gasar harbi kan tara kwanson harsashin da suka harba su sake cika shi a gida, dokarsu kuma ta yarda. A Najeriya ba haka abin yake ba, domin doka ta hana ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba.

Injin yana da tasha biyar a kan faranti mai juyawa. Duk jan hannu ɗaya, ayyuka da dama ke gudana tare: a matse kwanso a fitar da tsohuwar firaima, wato ɗan ƙoƙon da ke tayar da wuta, a dasa sabuwa, a zuba albarushi, a ɗora kan harsashi, a damƙe bakinsa. Saurinsa ke nan, haɗarinsa ma ke nan. Idan abu ya goce a tasha ɗaya, hankalinku na kan wata.

Yawancin masu kukan cewa injin yana ba su wahala ba sabon sashe suke buƙata ba. Datti ne, ko noti ya saki.

Mu fara da layin firaima, don nan ne ake jin rauni. Ku sa tabarau na kariya, ku juye duk firaimar da ke cikin bututu kafin ku taɓa komai. Bututun na ɗaukar guda 100, kuma yana cikin garkuwar ƙarfe ne saboda idan ɗaya ta tashi, sauran na iya binta. Kada a taɓa aiki ba garkuwar nan. Ƙurar da firaima ke bari a cikin bututu ita ma tana kamawa, saboda haka a riƙa zura tsumma mai ɗan barasar goge kaya a ciki, a bari ya bushe sarai. Ɗan ƙarfen da ke kai firaima yana komowa, a goge shi da hanyarsa a bar su a bushe. Mai ko giris a wurin yana tara datti, kuma mai yana iya kashe firaima. Ƙwayar albarushi ɗaya tak a kan sandar da ke tura firaima ta isa ta sa tabo a kowace firaima, ko ta shigar da ita a karkace.

Firaimar da ta zauna daidai takan nutse kaɗan ƙasa da gindin kwanso. Ku shafa da yatsa, bai kamata ku ji tudu ba. Idan hannu ya yi tauri lokacin dasawa, ku tsaya. Kar ku tilasta. Sau da yawa kwanson soja ne wanda aka damƙe bakin raminsa, ko kwanson samfurin .45 ACP mai ƙaramin rami ya shigo cikin masu babba.

Sai faranti. A ƙarƙashinsa akwai ɗan ƙwallon ƙarfe a kan sifirin, shi ke tsayar da shi a kowace tasha. Ku sassauta ƙaramin sukurun da ke gefen sandar tsakiya tukuna, sannan ku kwance babban notin. Wanda ya manta da wannan sukuru yakan ci zaren notin. A share tokar da ta taru, a shafa giris ɗan kaɗan, a mayar. Ku ɗaure notin har farantin ya tsaya, ku sassauta kaɗan yadda zai juya ba ya rawa sama da ƙasa, sannan ku kulle ƙaramin sukurun. Faranti mai rawa shi ke sa tsawon harsasai ya bambanta, shi ke sa firaima ta ƙi shiga har ƙasa.

Sandar tsakiya tana son man mota mai lamba 30, ɗigo kaɗan. Gaɓoɓin hannu kuwa giris. Man feshi mai ratsa tsatsa ba nan ne wurinsa ba.

Ma'aunin albarushi ba a sa masa mai ko kaɗan a inda albarushi ke bi. Ku duba sandar da ke maido da awon: idan ta saki, awon ba ya komawa ƙarshe, sai wani kwanso ya samu rabi. Idan albarushi na manne wa jikin robar da ake zuba shi a ciki, lantarkin gogayya ne, a goge ta da ƙyallen da ake sawa a injin busar da tufafi. A juye albarushin cikin gwangwaninsa na asali bayan aiki, don wani yakan ci robar, kuma gwangwani ɗaya kawai ake bari a kan teburi. Adadin da za a zuba, daga littafin masu ƙera albarushin ake ɗauka, a tabbatar da shi a sikeli a farkon aiki da kuma lokaci-lokaci.

To, me ya cancanci kuɗinku? Na farko, abin duba albarushi a tasha ta uku. Na Dillon ƙara yake yi, Lock-Out na kamfanin RCBS kuwa kulle injin yake yi, amma don kwanson ƙaramar bindiga aka yi shi. Kurakurai biyu suke kamawa: kwanso mara albarushi, wanda ke barin kan harsashi a maƙale cikin bututun bindiga, da kwanso mai awo biyu, wanda ke iya fasa ta. Duka biyun sukan faru ne bayan injin ya cije an ja hannu rabi an koma. Idan haka ta faru, a kwashe duk kwanson da ke kan faranti a sake daga farko. Fitilar LED da ke haska cikin kwanso ita ma ba ta da tsada.

Na biyu, mazauni mai ƙarfi. Teburi mai girgiza yana sa firaima ta kife, awo ya bambanta. Bayan nan ne injin zuba kwanso, wanda ke da faranti daban na ƙanana da manyan kwanso. A tantance kwanson tukuna, don samfurin .380 na ɓuya a tsakanin na 9mm. Boris da ake sawa ƙarƙashin babban noti da sifirin mai laushi suna rage fizgar da ke watsa albarushi, sai dai faranti mai tsafta da jan hannu a natse sukan yi rabin aikin kyauta.

Albarushin da ya zube, da burushi ake share shi, ba da injin zuƙar ƙura ba, saboda tartsatsin wutar da ke tashi a cikin injin. Tsofaffin firaimomi na ɗauke da dalma: a tara su a rufaffen mazubi, ba a cin abinci a wurin, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an tashi.