Minti 18: abin da ya hana fasinjojin Lusitania shiga kwale-kwalen ceto

Tambayar da mutane suka fi yi game da nutsewar Lusitania, jirgin ruwan fasinja na Birtaniya, ita ce yadda mutum kusan 1,200 suka halaka da rana tsaka, alhali ana hango gaɓar Ailan. Da yawa suna zaton ƙarancin kwale-kwalen ceto ne, kamar yadda ya faru da Titanic a 1912, amma ba haka ba ne, domin Lusitania yana ɗauke da guda 48, waɗanda za su ishi kowa da ke cikinsa.

Jirgin ya tashi daga New York ranar 1 ga Mayu, 1915, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Ɗaya, zuwa Liverpool da mutum kusan 1,960, duk da gargaɗin da ofishin jakadancin Jamus ya buga a jaridu. Ranar 7 ga wata, jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa mai lamba U-20 ya harba masa makami guda ɗaya a gefen dama, sai wata fashewa ta biyu ta biyo baya daga cikinsa.

Nan take jirgin ya karkata dama. Kwale-kwalen suna rataye ne da igiyoyi, don haka na gefen hagu suka jingina da jikin jirgin, wasu suka faɗo kan benen da jama'a suka taru, wasu kuma suka farfashe ana ƙoƙarin sauke su. Na gefen dama sun yi nesa da bene, ta yadda tsoho ko mace mai goyo ba za su iya tsallakawa ba. Bugu da ƙari, injuna sun daina amsa umarnin matuƙi, jirgin yana ta tafiya ba a iya tsayar da shi ba, kuma kwale-kwalen da aka sauke a wannan hali yakan kife da mutanen cikinsa. Shida kacal aka sauke lami lafiya.

Titanic ya ɗauki sa'o'i 2 da minti 40 kafin ya nutse. Lusitania minti 18 ya samu. A ganina, duk mai ɗora wa fasinjoji laifin ruɗewa bai yi musu adalci ba, domin lantarki ya ɗauke, hanyoyin ciki sun yi duhu, ga iyaye suna neman 'ya'yansu. A cikin wannan tashin hankali ne attajiri Alfred Vanderbilt ya miƙa wa wata mata rigar cetonsa, shi kuma ba a sake ganinsa ba.

Waɗanda suka faɗa teku sun shafe sa'o'i cikin ruwa mai sanyi kafin jiragen masunta da na ceto su iso, kuma sanyin ya kashe da dama. An kai akasarin mutum sama da 760 da suka tsira, har da kyaftin ɗin jirgin, William Turner, garin Queenstown na Ailan, wanda yau ake kira Cobh, inda aka binne gawawwaki da yawa a manyan kaburbura. Cikin mamatan akwai Amurkawa 128, amma sai a Afrilun 1917 Amurka ta shiga yaƙin.