Fodkas: Gidajen kula da tsofaffi a Ingila, wa ke sa musu ido ne?

Bashir: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Zainab kamar kullum, sannan ga Anti Rabi, ma'aikaciyar gidan kula da tsofaffi, a kan layi daga Ingila, yanzu ta sauko daga dutin dare ko runtsawa ba ta yi ba. Anti sannu da aiki.

Anti Rabi: Yauwa Bashir, sannunku. In kun ji na yi shiru toh barci ne ya sace ni, ku tashe ni.

Zainab: Anti ni tambayata ɗaya ce. Mu nan in aka ce an kai tsoho gidan tsofaffi sai a riƙe baki, amma can da ake cewa komai a tsare yake, akwai hukuma, akwai doka, da gaske ana kula da su yadda ake faɗa?

Anti Rabi: Wasu gidajen wallahi ana kula, kada mu ci haƙƙinsu. Hukuma kuma akwai, CQC ake ce mata, tun 2009 take aiki, ita ke yi wa gida rajista ta turo sufetoci ta ba shi maki. Mataki huɗu ne, na ƙoli, mai kyau, wanda ke buƙatar gyara, da wanda ya gaza. Kuma dole ne gida ya manna makin inda duk mai shigowa zai gani.

Bashir: Toh ai shi kenan, sai mutum ya duba maki ya kai mahaifiyarsa.

Anti Rabi: Haba Bashir. Ka taɓa jin Orchid View? Wani gida ne a West Sussex na kamfanin Southern Cross, sabo fil, a 2009 aka buɗe shi. A 2010 CQC ta ba shi maki mai kyau, 2011 aka rufe shi. Da aka zauna binciken mutuwar mutum 19 da suka zauna a gidan, a 2013 mai binciken ta ce sakaci na da hannu a mutuwar biyar daga ciki. Akwai wata tsohuwa da aka dinga ɗura mata maganin tsinka jini fiye da ƙima, sannan aka yayyage takardun da za su tona asirin.

Zainab: Innalillahi. Toh ya aka yi maganar ta fito, sufetocin ne suka gano?

Anti Rabi: Ina fa. Wata ma'aikaciyar ofis ce a gidan ta kira ƴan sanda, bayan an gaya mata an yi kuskuren magani har 28 a dutin dare ɗaya.

Bashir: Shi kuma kamfanin, in na tuna daidai, a shekarar ya durƙushe ko?

Zainab: Eh Yaya Bashir, 2011. Gidaje kusan 750 yake da su, tsofaffi wajen 31,000. Sun sayar da gine-ginen suka koma suna biyan haya a cikinsu, da hayar ta fi ƙarfinsu komai ya watse.

Bashir: Amma Anti wannan ai tsohon labari ne, ba a gyara ba tun lokacin?

Anti Rabi: An canza tsarin bincike kam, sau nawa ma. Amma a 2024 gwamnati ta sa Dokta Penny Dash ta binciki ita hukumar kanta, ta gano wajen ɗaya cikin biyar na wuraren da CQC ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su maki ba, kuma yawan binciken ya faɗi ƙasa da rabin na kafin korona. Ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, da bakinsa ya ce hukumar ba ta iya aikinta. Sai ka ga maki a bango tas-tas amma ya shekara biyar shida, manaja ta canza, ma'aikata duk sun canza, takardar kawai ce ta rage.

Zainab: Kamar dai lasisin tuƙi, yana aljihu amma ba shi ke riƙe sitiyari ba.

Anti Rabi: Ke dai bari. Kuma ko sun zo, yawancin abin da za su duba fayil ne. Bari in ba ku misali da daren aiki. Tsohon da ba ya iya motsi dole a juya shi duk bayan awa biyu ko huɗu, gwargwadon abin da nas ta rubuta, in ba haka ba gyambon kwanciya ya kama shi a ƙugu ko dunduniya, kuma in ya kama ya yi zurfi har ƙashi yana kaiwa. Akwai fom da ake cikewa an juya ƙarfe kaza. Toh ku biyu ne a hawa guda da mutum ashirin da wani abu, wancan ya faɗi a banɗaki, waccan mai ciwon mantuwa tana neman ƙofa wai za ta ɗauko yara daga makaranta, ƙararrawa uku na kuka lokaci ɗaya. Na taɓa aiki a wani gida, ba zan faɗi suna ba, da asuba za ka ga fom ya cika tsaf, alhali zanin gadon yadda aka shimfiɗa shi tun ƙarfe goma haka yake.

Bashir: Toh me ya hana ma'aikaci ya kai ƙara? Ai akwai lambar kira.

Anti Rabi: Akwai, ba sai ka faɗi sunanka ba ma. Amma gida mai ma'aikatan dare huɗu, wa zai kasa gane wa ya kira? Ka tuna tun Fabrairun 2022 da aka buɗe bizar aikin keya, wato aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, ƴan Najeriya da yawa muka shigo ta nan, kuma bizar a hannun mai gidan take. Ya sallame ka, kwana 60 ake ba ka ka samu wani mai ɗaukar nauyi ko ka tattara. Wani gona ya sayar ya biya ejan. Wannan mutumin kake so ya buɗe baki?

Zainab: Ni abin da ke ban haushi kenan. Wanda ya fi kowa ganin abin da ke faruwa ƙarfe uku na dare shi ne aka fi ɗaure wa baki.

Bashir: Amma gwamnatin ta ƙwace lasisin ɗauko ma'aikata daga waje na kamfanoni sama da 470 tsakanin 2022 da ƙarshen 2024, ai wani abu ne.

Anti Rabi: Ta ƙwace, ma'aikata wajen 39,000 abin ya shafa, su ne suka kwana a ciki. Sannan a Yulin 2025 aka rufe ɗauko sabbin ƴan keya daga waje gaba ɗaya, toh hannu bai ƙaru ba a dutin dare.

Zainab: Anti in ɗan'uwanmu na can ya rasa yadda zai yi dole sai ya kai tsohonsa, me zai duba?

Anti Rabi: Ya duba shekarar da aka ba da makin tukuna. Ya je ba tare da sanarwa ba, ranar Lahadi da yamma lokacin da manaja ba ta nan. Ya kalli kofin ruwa, hannun tsohon na kaiwa gare shi ko an ajiye shi can kan taga? Igiyar ƙararrawa na kusa da shi ko an rataye ta bayan gado? Ya duba farce da baki. Sannan ya tambayi ma'aikaciya, ba manaja ba, ku nawa ne da dare kuma wata nawa kika yi a nan.

Bashir: Toh Anti mun gode, je ki kwanta haka nan. Jama'a wanda ke wannan aikin a Kanada ko Jamus ya turo mana saƙon murya mu ji yadda ake yi a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.