Shaƙa daban, binnewa daban: ina kabon gaɓar teku yake tafiya?

[Hoto daga sama: dajin mangurob a yankin Neja Delta]

Akwai maganar da ke ta yawo kwanan nan: wai bishiyar mangurob, wadda ke tsirowa cikin taɓon gaɓar teku, ta fi dajin tudu shan iskar kabon har sau huɗu, don haka a dasa ta ko'ina, a sayar da takardun kabon, wato shaidar an rage iskar da masu fitar da ita ke saya, shi ke nan. Alƙaluman ba ƙarya ba ne, an dai ɗora su inda ba muhallinsu ba. Binciken 2011 da aka ciro su daga ciki ya auna kabon da ke jibge a dajin ne, akasarinsa cikin taɓo. Bai ce bishiyar ta fi kowace shaƙa ba. A nan mutane ke ruɗewa, kuma a nan za mu daɗe.

Bari mu bi hanyar da kabon ke bi zuwa teku da sauri tukuna.

[Taswira: Kogin Kwara daga Gini zuwa teku]

Kogunan duniya na kai wa teku kabon da ya kusa tan biliyan ɗaya duk shekara. Kusan rabinsa ruɓaɓɓen ganye ne da ƙasar gona, sauran narkakke ne daga duwatsu. Ruwan da ya wanke gona a Kebbi ko Dosso ya shiga Kwara, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, yana cikin wannan lissafin. A mashigar kogi, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri, ƙwayoyin bakteriya na cinye wannan kaya suna fitar da iskar CO2. Shi ya sa yawancin irin waɗannan wurare fitar da iskar suke yi, ba shaƙa ba. A sararin sama tana da ɗan fiye da kashi 420 cikin miliyan, a ruwan mashigar kogi kuwa ma'auni yakan nuna dubbai. In an ƙara gaba, kan faffaɗan dandamalin da ke ƙarƙashin ruwa kafin zurfi ya fara, sai lamarin ya juya: jimillar wannan yanki tana shaƙar wajen tan miliyan 200 zuwa 300 na kabon a shekara.

To, mu dawo cikin taɓo.

[Kusa-kusa: saiwoyi, ƙaguwa na jan ganye cikin rami]

Ɗan kasuwa ya san cinikin yini ba shi ne riba ba. Abin da ya wuce ta hannu daban, abin da ya kwana a asusu daban. Dazuzzukan mangurob na duniya, kimanin hekta miliyan 15, suna mayar da kabon wajen tan miliyan 200 zuwa ganye da itace da saiwa kowace shekara. Wannan shi ne cinikin. Wanda ake binnewa cikin taɓo ya daɗe bai wuce tan miliyan 20 da 'yan kai ba. Kashi ɗaya cikin goma ke nan.

Ina sauran? Ku dubi ganyen nan da ya faɗo. Ƙaguwa ta ja shi, ta ci, ta yi numfashi, kabon ya koma sama. Wani ganyen ruwa ya ɗauke lokacin janyewar teku, ya ruɓe a waje cikin makonni. Duk wannan an shaƙe shi da gaske, amma bai zauna ba.

Abin da ke sa kashi ɗayan nan ya zauna shi ne rashin oksijin. Taɓon da ruwa ya cika, 'yan milimita kaɗan daga samansa oksijin ya ƙare. Ƙasa da nan sai bakteriya masu amfani da salfet, wani sinadari da ke cikin ruwan teku, kuma aikinsu a hankali yake tafiya. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da kan bugi hanci in an taka wurin, aikinsu ne. Wanda ya toshe hanci ya sani ma'ajiyar tana aiki. Matattun saiwoyi su ne suka fi zama, domin tun asali a ƙasa suke. Taɓon na ƙaruwa 'yan milimita a shekara, don haka mita ɗaya tarin ɗaruruwan shekaru ne. A hekta guda, abin da ake binnewa ya kama daga tan ɗaya da rabi zuwa biyu na kabon a shekara. A ninka da 3.67 a samu nauyinsa a CO2: tan biyar da rabi zuwa ɗan fiye da bakwai.

Ta yaya ake sanin haka?

[Masu bincike na kafa bututu cikin taɓo]

Ana kafa bututu a ciro taɓo mai tsawon mita ɗaya ko fiye, a yanka shi santimita-santimita, a busar, a auna nauyi da yawan kabon. Wannan tarin kawai ya nuna. Don a san gudun taruwar, sai a nemi shekarun kowane yanki da dalma-210, wata irin dalma mai raguwa da kanta, wadda rabinta ke ɓacewa duk shekara 22, tana ba da lissafin kusan ƙarni guda. Akan tabbatar da shi da sinadarin siziyam-137, wanda gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya suka bar alamarsa mafi ƙarfi a 1963.

Kurakurai uku ne suka fi ɓata aikin. Bututu yakan danne taɓo, mita ɗaya ta fito santimita 80. In ba a gyara ba, komai ya karkace. Ƙaguwa takan cuɗa sama da ƙasa, shekaru su gauraye. Na ukun shi ya fi damuna, domin kuɗi ke bin sa: ba duk kabon da ke ƙarƙashin bishiya ne nata ba. Wani ɓangarensa kogi ne ya kawo shi daga nesa cikin laka. Ana rarrabewa da ma'aunin kabon-13, wani nau'in kabon da yawansa ke bambanta daga tsiro zuwa tsiro: ganyen mangurob na ba da kusan -28, ciyawar dajin Arewa da karan gero da dawa kusan -13. Wanda ya haɗa duka ya sayar a matsayin aikin bishiyarsa, ya sayar da abin da ba ita ta shaƙo ba. Kuma tun da aka gina madatsar Kainji a 1968, sannan Jebba da Shiroro, wani ɓangare na wannan laka a bayan dam yake kwanciya, ba ya isa gaɓa.

Akwai kuma wani kaso da ya daɗe yana ba masana ciwon kai. A 2008, da aka tattara lissafin shiga da fitar kabon a mangurob na duniya, sai aka ga fiye da rabin kabon ba a san inda ya shiga ba. Daga baya aka gano babban ɓangarensa ta ramukan ƙaguwa yake fita: teku ta tumbatsa ta cika ramukan, ta janye ta tafi da narkakken kabon. Wani ya tashi sama nan take, wani kuwa ya zama baikabonet, wato kabon da ya narke a ruwa a siffar gishiri, wanda kan zauna a ruwan teku dubban shekaru. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi cancantar a zuba wa kuɗin bincike, domin bututun taɓo ba ya ganinsa ko kaɗan.

[Ɓawon kawa a jikin saiwa]

A gurguje: ɓawon kawa da na dodon koɗi akwai kabon a ciki, amma ƙera shi fitar da CO2 yake yi, kusan 0.6 a kan kowane ɗaya da ya shiga ɓawon. Kada a lissafa shi riba. Inda ruwan daɗi ya rinjayi na gishiri kuma salfet kan yi ƙaranci, sai iskar mitan, wadda ita ma ke ɗumama duniya, ta fara tashi, ta cinye wani ɓangare na ribar.

[Fili da aka sare, taɓo ya bushe ya tsage]

Yanzu ku ga abin da ke faruwa in an sare dajin, ko an haƙa magudana ruwa ya tsiyaye, ko ɗanyen mai ya kashe saiwoyi kamar yadda ya faru a Bodo ta ƙasar Ogoni, a yankin Neja Delta, a 2008. Oksijin ya shiga, igiyar ruwa ta tone, tarin ƙarnuka ya fara fita cikin 'yan shekaru. Hekta ɗaya ta tsohon daji na iya riƙe ɗaruruwan tan na kabon. Sabon dashe zai yi fiye da ƙarni kafin ya binne kwatankwacinsa. Wannan ma in ya rayu ke nan. A Filifin, inda aka yi ta dasawa a filayen taɓo da ruwa ke daɗewa a kansu, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari kawai suka tsira. Kafin a soka tsiro ɗaya, a auna tsayin wurin da na dajin da ke kusa, a ga awa nawa ruwa ke rufe shi a yini, a buɗe duk magudanar da aka toshe. Inda ruwa ke shiga yana fita daidai, kuma da iyayen bishiyoyi a kusa, 'ya'yansu kan zo da kansu su kafu.