Allo ya yi baƙi bayan sabunta Linux: gyaran direban NVIDIA ba tare da goge komai ba

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Wannan bidiyo na wanda ya sa Linux a kwamfutarsa ne, Ubuntu ko Mint ko Debian, kuma tana ɗauke da katin hoto na NVIDIA. Jiya komai lafiya lau, ka karɓi sabuntawa, ka kashe ka kwanta. Da safe ka kunna, tambari ya fito, daga nan sai allo baƙi ƙirin da ɗan layi fari yana ƙyaftawa a kusurwa. Wani kuma tasa ta buɗe, amma rubutu ya yi manya-manya, allo na biyu ya ƙi kamawa, manhajar zane ta Blender ta ce ba ta ga katin ba.

A nan Yamai mun san abin da ke biyo baya. A ɗauki kwamfuta a kai wurin gyara, a ce sai an yi mata fomat. Mai haɗa bidiyon biki ya rasa aikin mutane, ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ya rasa rubutun da ya yi wata da watanni a kansa. Don Allah dakata. Fayilolinka suna nan, sistem ɗin ma yana raye. Abu guda ne bai tashi ba, wato direba, manhajar da ke sa sistem ya iya aiki da katin hoto, kuma kwamfutar za ta faɗa maka dalili in ka tambaye ta.

Mu fara da tushen matsalar, don wanda ya gane shi ba zai riƙa kwafe umarni a makance ba. Zuciyar Linux ita ce kanel, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Direbobin katin Intel da na AMD a cikin kanel ɗin suke, tare ake gyara su, tare suke zuwa maka, shi ya sa masu waɗannan katuna ba su cika shan wannan wahala ba. Direban NVIDIA kuwa na kamfanin ne, daga waje yake zuwa, shekara da shekaru kuma a rufe yake. Abin ya dami masu aikin Linux har a 2012 Torvalds ya fito fili a Jami'ar Aalto ta Finlan ya ce ba su taɓa hulɗa da kamfani mai wuyar sha'ani kamarsa ba. An samu sauyi daga baya: a watan Mayun 2022 kamfanin ya buɗe ɓangaren direban da ke shiga kanel. Amma har yanzu ɓangaren nan ba ya cikin kanel ɗin da kowa ke samu, dole a gina shi daidai da kanel ɗin da ke kwamfutarka.

Ka ɗauke shi kamar rigar yaro a wurin tela. Duk lokacin da yaro ya ƙara girma sai an sake awo an sake ɗinki. Sabuwar kanel ita ce girman, manhajar DKMS ita ce telan, fayilolin linux-headers su ne awon. In babu awo, ko kuran ya ɗauke ana tsakiyar ɗinki, kanel za ta tashi ba tare da direba ba. Sau da yawa baƙin allon da ake gani bayan sabuntawa daga nan yake.

To ta ina za a shiga, tun da ba a ganin komai? Danna Ctrl da Alt da F3 tare. A wasu kwamfutocin hannu sai ka haɗa da Fn. Za ka ga baƙin shafi yana tambayar sunanka da kalmar sirri. Lokacin da kake buga kalmar ba za ka ga ko ɗigo ba, haka aka yi shi, buga kawai ka danna Entrée.

In wannan ya ƙi, sake kunnawa ka riƙa danna Esc, ko ka riƙe Shift a tsofaffin kwamfutoci, har jerin GRUB ya fito, wato jerin zaɓin da ke zuwa kafin Linux ya tashi. Shiga layin zaɓi na biyu, wanda ke cewa Options avancées in sistem ɗinka da Faransanci yake, ka zaɓi kanel ta baya, ta biyu a lamba. Sau da yawa nan take komai ke dawowa, domin direban yana nan a gine don ita. Wannan kaɗai ya nuna maka katin lafiyarsa ƙalau.

Akwai hanya ta uku. A jerin GRUB danna e, nemi layin da ke da quiet splash, ƙara nomodeset a bayansa, sai ka danna F10. Ga abin da ke kama mu mu da ke amfani da madannan Faransa, AZERTY: GRUB bai san da su ba, lissafin QWERTY yake yi. Ka danna m sai wata alama ta fito. Harafin m yana kan maɓallin waƙafi, wanda ke dama da n. Kalli allon nan, ga yatsana a kai. Kuma nomodeset don ka samu shiga ne kawai, kar ka mai da shi na dindindin.

Yanzu ka shiga. Kafin ka girka ko ka cire wani abu, tambayi kwamfutar. Buga nvidia-smi. In teburi ya fito da sunan katinka da zafinsa da lambar direba, to direban yana aiki, matsalarka tana wani wuri, za mu zo kanta. In ya ce Driver/library version mismatch, ka yi sa'a: an sabunta direban kwamfuta tana kunne, sabo yana kan faifai, tsoho yana cikin ƙwaƙwalwa. Ubuntu takan yi irin wannan sabuntawar da kanta ba ka sani ba. Kashe ka kunna, yawanci shi ke nan. In kuwa ya ce ya kasa magana da direban NVIDIA, sai mu ci gaba.

Buga uname -r, zai ba ka lambar kanel ɗin da kake kai. Sannan dkms status. Kwatanta su biyun da idonka, lamba da lamba. Kana neman layin nvidia mai lambar kanel ɗinka, da kalmar installed a ƙarshe. In babu shi, ba a gina ba. Maganin shi ne sudo apt install linux-headers-$(uname -r), daga nan sudo dkms autoinstall. Ka karanta abin da yake rubutawa, kar ka kau da kai. Masu Ubuntu, in dkms status bai nuna komai ba kar ku tsorata, Ubuntu tana da direbobin da ta riga ta gina ta sa wa hannu, a kunshin da sunansa ke farawa da linux-modules-nvidia. A nan abin dubawa shi ne ko na kanel ɗinka ya sauka.

Abu biyu da suka shafe mu sosai. In kuran ya ɗauke ko intanet ta yanke ana cikin sabuntawa, fara da sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install, su ƙarasa aikin da aka bari rabi. Ka kuma duba df -h, domin faifai in ya cika ginin ba ya kammaluwa. In Wi-Fi ya ƙi a baƙin shafin, jona wayarka da kebul ka kunna raba intanet ta USB, galibi tana kamawa da kanta. Direban ɗaruruwan mega ne, ka tabbata kana da isasshen data kafin ka fara.

Sai babbar, wadda ta fi rikita mutane: Secure Boot. Kwamfutocin da suka zo da Windows na zamani suna zuwa da shi a kunne, kuma aikinsa hana kanel karɓar duk abin da ba a sa wa hannu da makullin da aka yarda da shi ba. Direban da DKMS ya gina a kwamfutarka, makullinka ne a kansa, kuma injin bai san shi ba tukuna. Sai ka ga dkms status yana cewa installed, amma direba ya ƙi tashi. Buga mokutil --sb-state. In ya ce enabled, gwada sudo modprobe nvidia. In amsar ita ce Key was rejected by service, ka kama ɓarawon.

A Ubuntu da Mint buga sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der. A Debian fayil ɗin shi ne /var/lib/dkms/mok.pub. Zai ce ka zaɓi kalmar sirri ta amfani sau ɗaya. Ka sake kunnawa, shuɗin allo zai fito, kuma daƙiƙa 10 kawai yake jira. Da yawa sun taɓa ganinsa ranar da suka girka direban, suka ɗauka kuskure ne suka bar shi ya wuce, daga nan matsalarsu ta faro. Danna kowane maɓalli, zaɓi Enroll MOK, sai Continue, sai Yes, ka buga kalmar, sai Reboot.

A nan ma AZERTY na jiranka. Shuɗin allon QWERTY yake karantawa, kuma ba ya nuna abin da kake bugawa. Don haka ka zaɓi kalmar da babu a, babu q, babu z, babu w, babu m. In ka sa lambobi, a shuɗin allon ka buga su a layin sama ba tare da Shift ba. Na sha ganin mutum ya rantse kalmarsa daidai take, kuma gaskiyarsa, madannan ne suka sauya masa harafi.

Wani zai ce ai sai a kashe Secure Boot a huta. Yana aiki, amma ni ban fi son haka ba, rajistar makullin ba ta wuce ƴan mintoci. In kuma kana da Windows a gefe mai BitLocker, abin da ke kulle faifanta, taɓa Secure Boot na iya sa ta nemi makullin ceto mai lamba 48. In ba ka da shi a hannu, kar ka taɓa.

Mu zo kan zaɓen direba, domin yawancin kwamfutocin da ke kasuwanninmu an riga an yi amfani da su, katunansu sun kwana biyu. Sabon direba ba ya ɗaukar tsohon kati. Katunan zuriyar Fermi, irin GTX 400 da 500, sun tsaya a reshen 390, wato direba mai lamba 390. Na Kepler, yawancin GTX 600 da 700, sun tsaya a 470. Na Maxwell da Pascal, wato GTX 900 da su 1050 da 1060, reshen 580 ne na ƙarshensu. Kar ka dogara da sunan da ke kan kwali, GT 730 alal misali akwai na Fermi akwai na Kepler. Bari injin ya faɗa: ubuntu-drivers devices a Ubuntu da Mint, nvidia-detect a Debian. Kuma ka lura da kunshin da sunansa ya ƙare da open. Wannan na katunan Turing zuwa sama ne, GTX 1650 da RTX 20 da na bayansu. Ka sa shi a kan GTX 1060, ba zai tashi ba. RTX 50 kuwa shi kaɗai suke karɓa.

In katinka ya tsufa har reshensa ya daina ginuwa a kan sabuwar kanel, akwai nouveau, direban da masu sa kai suka rubuta, yana cikin kanel. Don rubutu da intanet da kallon bidiyo ya wadatar a katuna da yawa. CUDA, fasahar NVIDIA ta sa katin yin lissafi mai nauyi, ita ce babu, kuma a su GTX 900 da 1000 ba ya iya kai katin ga cikakken gudunsa. Shi da direban kamfani ba sa riƙe kati ɗaya a lokaci ɗaya. Umarnin lspci -k zai nuna maka wanda ke riƙe da shi a layin Kernel driver in use.

Abin da nake roƙon ku ku bari shi ne sauko da fayil mai ƙarewa da .run daga shafin kamfanin. Ɗabi'ar Windows ce ta bi mu. Fayil ɗin yana zuba kayansa ba da sanin apt ba, manhajar da ke kula da girkawa da sabuntawa, ranar da sabuntawa ta zo sai su taka juna. In ka riga ka yi, sudo nvidia-uninstall zai cire shi. Sannan ka share ragowar da sudo apt purge '*nvidia*', amma ka karanta jerin abin da zai cire kafin ka amince. Daga nan, a Ubuntu da Mint, sudo ubuntu-drivers install, ka sake kunnawa.

Masu kwamfutar hannu mai kati biyu, Intel da NVIDIA: prime-select query zai gaya muku wanda ke aiki. Zaɓin on-demand, inda katin NVIDIA ke aiki sai an buƙace shi, ya fi dacewa da yawancin mutane, batir ya fi daɗewa, zafi ya ragu. In kuma allon yana ɓari ko tagogi na yin baƙi alhali nvidia-smi lafiya, a Ubuntu 24.04 ka danna ɗan gargaren da ke shafin shiga ka sauya tsakanin Wayland da Xorg, tsare-tsare biyu na nuna tagogi a allo. Daga direba 555 na 2024 Wayland ya gyaru sosai, a tsofaffin rassa Xorg ya fi kwanciyar hankali.

Saura wadda ba ta direba ba ce. In kwamfuta tana tashi lafiya, sai ana tsakiyar aiki mai nauyi ta daskare, buga sudo dmesg ka nemi layukan da ke farawa da NVRM. In ka ga Xid 79, tare da cewa katin ya faɗo daga layin sadarwa, yawanci zafi ne, ko ƙarancin wuta, ko katin bai zauna daidai a raminsa ba. Ka bar nvidia-smi a buɗe kana aiki ka ga inda zafin ke kaiwa. Mu da muke ganin sama da digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu da ta taru a fanka, kati na haura 90 cikin sauƙi. Wannan sai an buɗe an hure ƙura, an sake man da ke tsakanin katin da ƙarfen sanyaya shi, an kuma duba ko cajar ta asali ce mai isasshen ƙarfi. Sake girka direba sau nawa ma ba zai taɓa shi ba.

In duk ka bi waɗannan abin ya ƙi, buga sudo nvidia-bug-report.sh. Zai haɗa maka fayil guda mai suna nvidia-bug-report.log.gz a inda kake. Shi za ka tura wa wanda zai taimaka maka, tare da sunan katin, da abin da uname -r da dkms status suka nuna. Ka kwafe fayilolinka masu muhimmanci a kile na USB tun kana baƙin shafin, kafin kowa ya sa hannu a kwamfutar.